Sa Hannun Leanne

Marlene Cawkwell ba matsoraciya ba ce. Na taɓa gani da idona ta finciko wani ƙato ta kwalar riga a bakin gidan giyan kan kwanarmu saboda ya zagi yaro, har sai da ya ba yaron haƙuri ta sake shi. Amma a ce ga wata 'yar siririyar mace ta doso da katin shaida rataye a wuya da fayil a hammata, to nan take za ka ga Marlene ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Sunana Pauline, kuma in akwai wanda ya san Marlene a garin Marsby, to ni ce. Muna 'yan shekara sha biyar muka haɗu a kamfanin kifi na bakin tashar jiragen ruwa, tebur ɗaya, muna zare ƙaya tun asuba cikin ruwan ƙanƙara har yatsu su daina jin komai. Da kamfanin ya rufe, kamar yadda komai ke rufewa a wannan gefe na Ingila, ni na samu aikin akawu a ofishin sakandaren gwamnati ta unguwarmu. Ita kuma ta zama mai tsallakar da yara titi a bakin firamare, da doguwar rigarta mai ruwan ɗorawa da sandarta. Shekara ashirin da biyu tana tsayar da motoci, direbobin garin nan sun fi shakkarta a kan 'yan sanda.

Tsoron nata yana da asali, ko da yake ba ta son a taɓo shi. Tana shekara takwas babanta ya fita da jirgin kamun kifi cikin hunturu, jirgin bai dawo ba. Uwar ta kwanta. Ba ciwon jiki ba ne, ta dai juya wa duniya baya ta daina sauka daga gado. Marlene ce ke dafa dankali, ita ke yi wa ƙanenta Dennis wanka, yana ɗan shekara uku. Wata rana mata biyu daga ofishin kula da walwalar yara suka ƙwanƙwasa ƙofa. Mu a nan masu fayil muke ce musu. Marlene ta buɗe, suka yi mata murmushi, suka tambaye ta wa ke girki, wa ke wanki, yaushe rabon mama da fita. Ita kuwa yarinya tana ganin abin yabo ne, ta ba su amsa tiryan-tiryan, har da nuna musu kujerar da take takawa ta kai ga murhu. Bayan kwana biyu suka dawo da mota suka tafi da Dennis, ko rigar sanyi ba a sa masa ba. Tun daga ranar ta ƙudurce a ranta cewa duk wanda ya zo da murmushi da tambaya ba a gaya masa gaskiya. Ita an kai ta gidan goggonta, Dennis kuwa an ce wasu mutane can kudu suka ɗauke shi suka sauya masa suna, ba ta sake ganinsa ba.

Mijinta Ken ya rasu da wuri ya bar ta da 'ya ɗaya, Leanne. Yarinya ce mai fara'a da kyau, amma ta faɗa hannun banzayen samari, daga nan sai ƙwaya. Wata Juma'a ta kawo 'yarta Tegan, tana shekara huɗu, da 'yar jakarta a baya, ta ce a riƙe mata ita zuwa Lahadi. Lahadi ta zo ta wuce. A shekarar farko kati ya zo sau biyu babu adireshi, daga nan shiru.

Na ce wa Marlene ta je wajen 'yan sanda ta kai cigiya. Ta yi mini wani irin kallo kamar na ce ta jefa yarinyar a teku. In ta kai cigiya, in ji ta, tambayar farko ita ce ina 'yar, ta biyu kuma wa ke riƙe da ita, da izinin wa. Ba ta da takarda ko ɗaya da ta ce Tegan tata ce. Mace ce gwauruwa mai ƙaramin aiki, wadda 'yarta ta lalace a hannunta, wa zai bar mata jika? Na yi ta faɗa har na gaji, da ma ni ba na iya dogon lallashi.

Sai Leanne ta ci gaba da zama a gidan, amma a takarda. Duk fom ɗin da ya zo daga makaranta ko asibiti, Marlene za ta zauna a teburin kicin ta sa hannu da sunan 'yarta. Ta sayi wata 'yar ƙaramar waya mai arha, ta ba da lambar a matsayin ta Leanne, ta ajiye ta cikin gwangwanin biskit a saman firji. Ba a taɓa ɗaga ta, saƙo kawai ake mayarwa: ina wurin aiki, kakarta za ta zo. A bayan ƙofa kuma akwai jar rigar sanyin Leanne a rataye da takalminta a ƙasa, duk Asabar sai an kakkaɓe su don kada su yi kama da kayan da ba a taɓawa. Rabin unguwa sun san abin da ake ciki, amma a unguwarmu ko kana gaba da mutum ba ka kai shi wajen masu fayil. Malamai kuwa daga wasu garuruwa suke zuwa cikin motocinsu, ƙarfe huɗu sun watse, ba su san komai ba.

Da Tegan ta shigo sakandare, fayil ɗinta a kan teburina ya sauka. Ina buɗewa na gane rubutun, don na san hannun Marlene kamar yadda na san nawa. Na rufe na sa a durowa. Shekara biyar ina karɓar wannan sa hannu ina buga masa hatimi, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ban san abin da nake yi ba.

Sai ga mutanen jami'a. Wata tsohuwar jami'a ce can kudu, irin wadda gine-ginenta suka girmi kakannin kakanninmu. Shekara da shekaru 'ya'yan makarantun kuɗi ne ke cika ta, sai da aka fara yi mata gori sannan ta tuna akwai irinmu a ƙasar. A shekara ashirin da na yi a ofishin nan, ko yaro ɗaya daga makarantarmu bai taɓa shiga can ba, ba mu ma taɓa neman ba. Suka zo cikin bas da rigunansu shuɗɗa iri ɗaya, suna raba biro kyauta, suna gaya wa yaran da ba su taɓa wuce tashar jirgin ƙasa ba cewa jami'ar nan tasu ce. Na yi tsaki a raina. Shugabarsu wata 'yar firit ce mai suna Bryony Haigh, ba ta fi shekara ashirin da shida ba, da katinta a wuya da fayil ɗinta, ga murmushi kamar an biya ta.

Tegan a lokacin tana shekara sha shida, doguwa, shiru-shiru, ba ta ɗaga hannu a aji ko da ta san amsa. Suka raba wa yara wata takardar lissafi a zauren taro. Kafin mai rabon ya kai layin ƙarshe Tegan ta gama ta kifa tata. Bryony ta ɗauka ta duba, ta sake dubawa, ta tambayi sunanta.

Shirin nasu kujera talatin ne ga lardin gaba ɗaya. Wanda aka ɗauka zai je jami'ar ya yi mako guda a watan Yuli, ya kwana a ɗakunan ɗalibai, a koyar da shi. In ya kammala, za a sassauta masa makin da ake nema idan ya zo neman shiga. Ga yaron makarantarmu wannan ita ce ƙofar, babu wata. Tegan ta samu kujera. Ranar da wasiƙar ta zo Marlene ta tsayar da motoci ta bar su a tsaye tana ba ni labari a tsakiyar titi. Aka kawo fom, ta sa hannu kamar kullum, ni kuma na aika.

Abin da ba mu karanta ba yana shafi na uku. Tunda yaran ba su kai sha takwas ba kuma kwana za su yi, dole Bryony ta ga fuskar wanda ya sa hannu, ko ido da ido ko ta kiran bidiyo, ya nuna katin shaidarsa, kafin Juma'ar ƙarshe ta watan Mayu.

Ina kicin ɗin Marlene da la'asar muna shan shayi wayar ta fara ƙara. Ban taɓa jin ƙararta ba sai ranar. Cikin gwangwani take, sai sautin ya fito da kauri, murfin yana kaɗawa. Marlene ta tsaya da buta a hannu, ruwan zafi yana zuba a kan tebur ba ta sani ba, sai da na karɓe. Muka zuba wa saman firji ido har ta yi shiru. Can sai saƙo ya shigo: Bryony ce, tana taya Malama Leanne murna, minti biyar kawai take nema.

Mako uku aka yi ana wannan. Marlene ta rubuta tana wurin aiki, Bryony ta ce ba komai, ta zaɓi lokacin da ya yi mata. Ta rubuta kyamarar wayar ta lalace, Bryony ta ce za ta iya zuwa gida. Ta rubuta ba ta da lafiya, sai ga katin gaisuwa ta gidan waya. Marlene ta ce mini, “Wai yarinyar nan ba ta da zuciya ne? Wata da tuni ta yi fushi ta rabu da mu.”

Abin dariya ne in ana ba da labari, amma a lokacin babu wanda ya yi dariya. Marlene ta daina cin abinci. Ta rufe labulen falo da rana tsaka. In mota ta rage gudu a layinsu sai ta miƙe tsaye, in ta wuce ta zauna. Mai kawo wasiƙa ya ƙwanƙwasa wata safiya ta ɓuya a bayan kujera, mace mai shekara sittin da shida. A wajen aiki ta fara tsallakar da yara tana waige-waige, har wata mota ta kusa taka mata ƙafa. Ni ma tsoron ya kama ni, don duk lokacin da wayar ofis ta yi ƙara sai in ɗauka Bryony ce.

Ranar wata Asabar ta zo gidana da shawara. Wai in shiga na'urar makaranta in rubuta cewa na ga Leanne da idona, in tura wa jami'a. In ba haka ba, in ba ta aron 'yar yayata, shekarunsu ɗaya da Leanne, ta sa jar rigar ta zauna gaban waya minti biyar.

Na ce, “Ke Marlene, kanki ɗaya kuwa? Katin shaida fa aka ce. A ina za ki samo shi, a kasuwar Asabar?”

Ta ce, “To ki rubuta kin gan ta. Shekara biyar kina buga hatimi, yau ne hannunki zai yi ciwo?”

“Hatimi daban, rantsuwa daban. In aka kama mu, ke da ni da yarinyar duk mun shiga uku.”

“Ashe dai kujerarki kike ji.”

Wannan magana ta ƙona mini rai, don akwai gaskiya a cikinta. Na ce ta fice mini daga gida, ta fice. Shekara hamsin muna tare, ranar ce ta farko da muka rabu babu sallama.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe Bryony ta shigo ofishina ta rufe ƙofa. Babu murmushi a fuskarta. Ta ce Tegan ta turo mata saƙo cewa ta janye, wai ba ta da sha'awa. Ta ce ba ta yarda ba, don yarinyar da ba ta da sha'awa ba ta turo amsar ƙarin tambayoyin da babu wanda ya sa ta duk mako. Ta tambaye ni ko lafiya a gidansu. Na ce lafiya lau. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce za ta riƙe kujerar zuwa tsakar ranar Juma'a, daga nan dole ta ba na gaba a layi.

Ana tashi na wuce gidan Marlene, fushin ma na manta da shi. Na gaya mata a tsaye. Ta ƙwala wa Tegan kira, yarinyar ta sauko ta tsaya a bakin kicin da littafi a hannu.

Marlene ta ce, “Ke 'yar nan, wa ya ce ki janye?”

“Babu kowa, Kaka.”

“To me ya sa?”

“Na karanta ƙa'idarsu. In Bryony ta gane babu Mama, dole ta kai rahoto. Ba zaɓi gare ta ba, ko tana so ko ba ta so.”

“Wannan matsalata ce, ba taki ba. Ke karatu ne naki.”

Tegan ta ɗan yi murmushi, irin wanda ba ya kai wa ido. Ta ce, “Kaka, kin tuna lokacin da nake aji huɗu na ce miki ina son koyon rubutu da hagu?” Marlene ta ce ta tuna, har ta yi mata faɗa a kai. Tegan ta ɗaga hannunta na dama ta nuna mana ƙaramin yatsa, a ɗan karkace yake, kullum muna ganinsa muna zaton haihuwa ce. Ta ce daga kan lilo ta faɗo ya karye. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta ɗaure shi da kanta cikin safar hannu, don ta san in aka je asibiti da karaya za a ce ina uwarta. Tana shekara tara a lokacin.

Ta faɗi sauran ma, a hankali, kamar mai karanta jerin cefane. Ƙawayen da ba ta taɓa gayyata gida ba. Gasar lissafin da ta faɗi da gangan don ta ji wanda ya ci za a kira iyayensa kan dandamali. Ta ce ba ƙorafi take yi ba, ta fi son zama da Kaka a kan kowace jami'a, a bar maganar kawai.

Marlene ta kama yatsan ta riƙe. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Duk shekarun nan tana ganin ta tare wa yarinyar tsoro ta sha shi ita kaɗai, ashe tare suke sha, kowa a ɗakinta. Washegari da safe, bayan ta tsallakar da yaro na ƙarshe, ta kira Bryony da wayarta ta gaske, ta ce ita ce kakar Tegan, ta zo gida ranar Alhamis ƙarfe huɗu.

Kada wani ya ɗauka tsoron ya tafi. Da na isa ranar Alhamis na tarar ta wanke gidan har bayan firji, ta sa baƙar rigar da ta sa ranar jana'izar Ken. A ƙasan matakala ga jaka ta haɗa wa Tegan, da rigar sanyi a ninke a sama ko da yake bazara ce. Ta miƙo mini makullan gida, ta gaya mini irin abincin da kyanwarta ke ci. Ta riga ta gama yanke wa kanta hukunci: yarinya gidan riƙo, ita kuma kurkuku saboda sa hannun ƙarya. Na ce mata ba haka ake yi ba yanzu, amma ni ma ban tabbata ba.

Ƙarfe huɗu saura minti biyu aka ƙwanƙwasa. Marlene ta yunƙura ta kasa tashi. Na ce bari in buɗe, ta ce a'a. Ta dafa tebur ta miƙe, ta bi bango har ƙofa, na ji tana kokawa da sakata kamar ba ta san ta ba.

Ba ta bari Bryony ta kai ga shan shayi ba. Ta sauko da gwangwanin ta buɗe, ta ajiye wayar a gabanta, ta ce, “Ga Leanne ɗin da kike nema.” Sannan ta faɗi komai daga ranar Juma'ar da Leanne ta kawo Tegan, ba ta rage ba, sai sunana kawai da ta tsallake. Ni na sa shi da bakina. Bryony ta fara rubutu, can ta ajiye biron ta zauna tana saurare. Tegan tana zaune a matakala kusa da jakar.

Da ta gama, Marlene ta ce, “Ni ki kai ni duk inda ake kai irina. Amma kujerar nan da kanta ta ci, ban yi mata lissafin ba.”

Bryony ta ce, “Kujera tata ce, Mama, ba wanda zai taɓa ta. Amma ba zan ɓoye miki ba, dole in kai rahoto yau ɗin nan. Za a turo wani.”

“Na sani. Yaushe?”

“Ban sani ba. Ba ni da iko a kan wannan.”

Na so ta ce mana babu abin da zai faru, ko da ƙarya ne. Ba ta ce ba, kuma a lokacin na ji haushinta ƙwarai. Da ta fita na ga ta zauna a motarta ta daɗe ba ta tayar ba.

Kwana takwas muka yi muna jira, jakar tana nan a ƙasan matakala. Marlene ta ɗauki hutu a wajen aiki, karo na farko tun da ta fara. Kullum in Tegan ta dawo daga makaranta sai ta tarar da ita a tsaye a bakin taga. A rana ta tara wani mutum mai sanƙo daga ofishin walwalar yara ya zo a kan keke, gajiya a fuskarsa, da fayil a jakar baya. Ya duba ɗakin Tegan, ya leƙa firji, sannan ya ce yana son magana da yarinyar ita kaɗai. Minti arba'in suka yi a falo da ƙofa a rufe. Marlene ta tsaya a kicin ta riƙe bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu, leɓunanta sun yi fari, ko zama ta ƙi yi.

Da ya fito ya ce babu mai raba yarinya 'yar kusan sha bakwai da gidan da ta tashi lafiya a cikinsa. Zai rubuta wasiƙar da za ta ba Marlene damar sa hannu da sunanta. Maganar sa hannun baya kuwa, ya shafa sanƙonsa ya yi ajiyar zuciya, ya ce kada a sake. Abu ɗaya ya rage, in ji shi, doka ta ce sai an nemi uwar, amma wannan aikinsu ne ba nata ba. Yana fita Marlene ta zame ta zauna a ƙasa dirshan tana dariya tana haki. Muka aiki Tegan ta sayo soyayyen kifi da dankali, muka ci a takarda da hannu, Marlene ta cinye nata ta ƙara da rabin nawa. Ni na samu wasiƙar gargaɗi daga shugaban makaranta, ban ma karanta ta ƙarshe ba.

Kwana huɗu kacal neman ya ɗauke su. Mai sanƙon ya dawo, wannan karon tare da wata 'yar sanda, ta cire hularta tun daga bakin ƙofa. Leanne ta rasu shekara huɗu da suka wuce, a wani asibiti can yamma kusa da Liverpool. Ciwon huhu ne. An tsince ta a tashar bas, da sunan wani tsohon saurayinta take amfani, babu takarda a jikinta. Kwana tara ta yi a gadon asibiti ba ta iya magana. 'Yar sandan ta ce an yi ƙoƙari, an duba jerin waɗanda danginsu suka kai cigiya a duk faɗin ƙasar, babu mai kama da ita. Sai daga baya, bayan ƙaramar hukuma ta binne ta, wata da suka taɓa zama ɗaki ɗaya ta ba da sunanta na gaskiya, aka rubuta aka rufe fayil.

Na ce wa Marlene a bari sai Tegan ta dawo daga jami'a a gaya mata. Ta ce ta gama ɓoye abu a gidan nan, ta gaya mata a ranar. Tegan ta ce ba za ta je jami'ar ba. Marlene ta ce za ta je ko da ɗaukarta za a yi, kuma ranar Lahadin farko ta Yuli ta raka ta har cikin bas ɗin masu shuɗɗan riguna, ta zaunar da ita kusa da taga, ta gargaɗi direba a kan gudu.

Ranar Talata ni da Marlene muka hau jirgin ƙasa zuwa inda aka binne Leanne, sauyi biyu, awa huɗu. Maƙabartar babba ce, a bayan wata masana'anta. Mai gadin ya duba littafinsa ya kai mu can ƙarshe, wajen da babu duwatsu, ciyawa ce kawai da 'yan ƙananan lambobi a ƙasa. Ya ce su uku ne a ramin, ita ce ta tsakiya. Marlene ta tambaye shi wa ya zo ranar da aka binne ta. Ya sake duba littafin, ya ce limamin coci da wata ma'aikaciyar jinya. Ya ba mu wuri ya koma.

Ta tsuguna da ƙyar ta ajiye furannin da ta saya a tasha, ta cire 'yan ciyayin da suka rufe lambar. Ba ta ɗago ba ta ce, “Pauline, kwana tara fa. Da na kai cigiyar nan da kika ce, da sun kira ni ko?”

Na buɗe baki in ce mata wa ya sani, in ce ai irin wannan jeri ba kullum yake aiki ba. Na yi wa makaranta ƙarya dominta, na yi wa Bryony, amma da na nemi ƙaryar a nan sai na rasa.

Na ce, “Da sun kira ki.”

Ta gyaɗa kai. Ta miƙo mini hannu in ɗaga ta, na kama, amma ba ta tashi ba, sai ni na tsuguna kusa da ita a kan ciyawar.